Yadda Na Tantance Kwalin Tsofaffin Komik na Sadaukai

Kafin in ciro ko kwafi ɗaya daga cikin kwalin, sai da na kai hanci na sunsuna. Tsohuwar takarda mai lafiya tana da ɗan ƙamshi irin na busasshen itace. In aka ji tsami-tsami, asid ya ci ta, tana iya karyewa a hannu. In kuwa warin rufaffen ɗaki mai ɗanshi aka ji, to hunhuna ce. Wannan kwalin yana da na farko da ɗan na uku, kuma a kusurwarsa ta ƙasa ga busasshiyar hanyar da gara ta gina. Abin da ke ciki galibi komik ne na Amurka, wato mujallun labarin sadaukai cikin zane, na kamfanonin Marvel da DC, yawancinsu daga 1963 zuwa 1977, an jibge su kwance wani kan wani.

Ganin alamar gara ya sa na fara da kashe ƙwari. Na raba mujallun ashirin-ashirin, na sa kowane kashi cikin leda mai zif, na matse iskar, na ƙara wata ledar a kai, na jera su a firiza mai sanyin digiri 18 ƙasa da sifili har sati biyu. Wannan sanyi yana kashe asu da ƙwayayen kyankyaso da duk wata tsutsa da ke ɓoye a tsakiyar shafi. In wuta ta ɗauke har ƙanƙarar ta saki, lissafin kwanaki ya koma farko. Bayan an fito da su kuma ba a buɗe ledar sai ta kwana ta wuni a ɗaki, domin raɓar da sanyi ke jawowa ta taru a bayan leda maimakon jikin takarda. Firiza ba ta kashe hunhuna, tsayar da ita kawai take yi. Waɗanda ke da farin gari-gari ko baƙin ɗigo a bango na ware su, na shanya a inuwa, na kakkaɓe da burushi mai laushi a tsakar gida, da takunkumi a fuska, kuma har yau ba su koma akwati ɗaya da sauran ba.

Teburin aiki ba ya son komai sai farar takarda a shimfiɗe, fensir, rula, tocila, gilashin ƙara girman rubutu da littafin rajista. Biro ba ya zuwa kusa, haka shayi, kuma fanka a kashe. Hannu a wanke a bushe ya fi safar hannu ta auduga, don zaren safar yana kama gefen da ya fara tsagewa ya ƙarasa shi.

Shekarar kwafi tana rubuce a jikinsa wuri uku ko huɗu, kuma farashi ne ya fi saurin faɗa. Daga 1938 har ƙarshen 1961 sent 10 ake sayar da komik. Daga nan sent 12 har 1969, sai 15. Marvel ta koma 20 a ƙarshen 1971, 25 a 1974, 30 a 1976, 35 a 1977. Tambarin hukumar tace komik, wanda ya yi kama da kan sarki a saman bango ta dama, bai fara fitowa ba sai 1955. Ɗan akwatin da ke saman bango ta hagu mai hoton sadaukin, Marvel ta fara shi a 1963. Layukan nan na farashi da injin kanti ke karantawa sun hau bango a 1976. Don haka duk kwafin da ke ɗauke da waɗannan layuka alhali labarin cikinsa na 1965 ne, sake bugu ne.

Da yawa daga cikin na wannan kwalin ba sent ba ne a jikinsu. An buga 9d, ko 10d, ko 1/-, wato nai, kwabo goma da sule guda a tsohon lissafin da Nijeriya ma ta yi amfani da shi kafin naira ta zo a 1973. Waɗannan ba jabu ba ne kuma ba sake bugu ba ne. A Amurka aka buga su lokaci ɗaya da na sent, aka sauya farantin farashi kawai domin kasuwar Ingila. Na DC kuma galibi farashin sent ɗin yana nan, sai dillalin Ingila, Thorpe & Porter, ya danna hatimin tawada mai farashinsa a kan bango. Kada a yi ƙoƙarin goge hatimin, tawadar ta riga ta shiga takarda.

Hujja ta ƙarshe ita ce ƙananan rubutun da ke ƙasan shafin farko ko bayan bangon gaba. A nan ake samun cikakken sunan mujallar, lambarta, wata, shekara da sunan mawallafi. Watan da ke bango yakan zo bayan ainihin ranar fitowa da wata biyu zuwa uku, dabara ce don mai kanti ya daɗe bai sauke ta daga kanta ba. Shi ya sa Captain America Comics na 1, wanda ke nuna sadaukin yana naushin Hitler, yake ɗauke da Maris 1941 alhali tun Disamba 1940 yake kasuwa, shekara guda kafin Amurka ta shiga yaƙin duniya na biyu.

A ƙasan kwalin na ci karo da abin da ya fi yaudarar mutane a wannan harka: Action Comics na 1, Yuni 1938, Superman ɗauke da koriyar mota a sama, farashi sent 10. Rula ce ta warware maganar. Na asali faɗinsa bai kai inci 8 ba, tsawonsa wajen inci 10 da rabi. Wannan kuwa kusan inci 10 ne da 13 da rabi. Bugun DC ne na 1974 mai suna Famous First Edition, wanda aka yi wa bango na biyu mai kauri a waje, kuma da an cire wannan bangon sai ya koma kamar na ainihi sak, ban da girma. Wani kwafi na ainihin, mai makin lafiya 8.5 cikin 10, an yi gwanjonsa dala miliyan 6 a Afrilu 2024, alhali Jerry Siegel da Joe Shuster, waɗanda suka ƙirƙiro sadaukin, dala 130 suka karɓa suka sallama Superman gaba ɗaya. Haka Marvel Tales ke maimaita tsofaffin labaran Spider-Man, Marvel's Greatest Comics ke maimaita na Fantastic Four, sau da yawa da bango mai kama da na farko. Ƙananan rubutun nan ne ke fallasa su.

Sai ƙirga shafi, wanda ba a tsallake shi ko da bango yana sheƙi. Komik na shekarun 1960 da 1970 falle takwas ne aka ninke biyu, suka ba da warƙa 16, shafi 32, bango ya cika 36. Ina ƙirga warƙa takwas in iske fil biyun da suka riƙe tsakiya, in ƙirga takwas bayansu. In bakwai da bakwai na samu, fallen tsakiya ya fita, kuma shi ne ya fi yawan ɓacewa saboda fil shi yake fara yagewa. In takwas da bakwai ne, an yage warƙa ɗaya, 'yar'uwarta ma tana lilo. Na shekarun 1940 sun fara da shafi 64, sannan ƙarancin takarda lokacin yaƙi ya rage su. Lambar shafin labari ba ta isa shaida ba, domin shafukan talla ba su da lamba, kuma su yara suka fi yankewa su aika neman kaya. A Marvel na 1974 zuwa 1976 akwai wani ɗan hoto mai kama da kan sarki a shafin wasiƙu, wanda kamfanin da kansa ya ce a yanka a tara. Kwafi shida na samu da ramin almakashi a wurin, kuma a wasunsu bayan ramin zanen labari ne. Wannan yankan shi ya karya darajar ɗimbin kwafin Incredible Hulk na 181, na Nuwamba 1974, inda Wolverine ya fara fitowa sosai.

Akwai lahani biyu da ba mai karatu ya jawo ba. Kwafin da aka yanke saman bangonsa daidai wurin suna, ragowar kanti ne: mai kanti yana mayar da sunan a biya shi kuɗinsa, sauran kuma ya kamata a lalata, amma sai ya bi ta bayan fage ya shiga kasuwa. Wanda ke da layin ninki daga sama har ƙasa a tsakiya, ta gidan waya ya zo, a ninke ake aika wa masu biyan kuɗin shekara. Akwai kuma ƙananan ɓantarewa a gefen dama na bangon Marvel na farkon shekarun 1960, kamar ɓera ya ɗanɗana, wanda daga wurin yankan maɗaba'a ya samo asali.

Bayan ƙirga sai neman hannun mai gyara. Na kashe fitila, na haska bango da tocila daga gefe, kusan a kwance, yadda kowane lanƙwasa da kowane wurin da aka shafa gam zai yi inuwa. Sannan na kunna shuɗiyar fitilar nan ta gane jabun kuɗi. Gam da sabuwar takarda da wasu irin fenti suna ƙyalli a ƙarƙashinta, tsohuwar takarda kuwa ba ta yi. Wurin da aka fi taɓawa shi ne baƙin layin ƙashin baya, wato wurin ninkin mujallar, inda ake bin farin tsagu da baƙar maka. Juya bangon ka duba cikinsa, za ka ga tawadar ta ɓullo ɗigo-ɗigo. Gefen da aka datse da reza don ya yi kyau yakan fi sauran fari da kaifi, kuma shafukan ciki da bango sukan zo daidai wa daida, abin da injin maɗaba'a bai cika yi ba. Fil kuma in ramukansa sun fi shi faɗi, ko akwai tabon tsatsa a takarda alhali shi yana sheƙi, an sauya shi.

Makin da ake bayarwa daga 0.5 ne zuwa 10, ma'aunin da kamfanin CGC na Fulorida, mai tantance lafiyar komik, ya yaɗa tun kafuwarsa a 2000. Kwafi cikakke amma wanda ya sha hannu, da ninki da ƙananan yagewa, yana wajen 2 zuwa 4. Mai tsabta da 'yan layuka a ƙashin baya yana 6. Daga 8 zuwa sama sai wanda kusurwoyinsa ke da kaifi, launinsa bai dushe ba. CGC tana sa wa lafiyayye shuɗiyar takarda, wanda aka gyara shunayya, wanda wani abu ya ɓace a cikinsa koriya, kuma shunayyar tana sauke farashi ƙwarai. Ni dai a rajista ina rubuta maki biyu, na bango da na launin takardar ciki: fara, ruwan madara, ruwan ƙasa, ko mai karyewa. Yawancin na wannan kwalin tsakanin 3 da 5 suka tsaya, takardarsu ruwan madara mai duhu a gefe.

Wannan duhun yana da dalili. Takardar jarida ce mafi araha, wadda aka niƙa itace gaba ɗaya ba a cire sinadarin lignin ba. Haske da zafi da iska suna juya shi ya zama asid, asid ɗin ya yanyanka zaren takardar. Shi ya sa gefe ke riga tsakiya yin duhu, nan iska ke shiga. Ba a yi waɗannan mujallu don su wuce mako guda a hannun yaro ba. Gwajin da nake yi shi ne ɗaga kusurwar shafin tsakiya da ɗan yatsa. In ta lanƙwasa ta dawo, da sauran rai. In na ji ta ƙage kamar busasshen ganyen kuka, ba gogewa, ba dannawa, sai leda kai tsaye.

Gogewar busasshiya ce, ruwa ko fetur ko wani sinadari ba ya ciki. Burushi ya fara kwashe ƙura. Sannan soson roba na goge hayaƙi, ana dangwalawa ana ɗagawa. Farar kilina ta roba, irin Staedtler Mars, ita ce ta wuraren fari kaɗai, kamar bangon baya da cikin haruffa, ana ja daga tsakiya zuwa gefe, hanya ɗaya, ɗaya hannun ya danne takardar. In aka ja daga gefe zuwa ciki, bangon zai tattare ya karye. Kilina a kan rawaya ko ja tana ɗauke launin nan take ta bar fari. Salatif kuwa barinsa nake yi yadda na same shi. Gam ɗinsa ya riga ya narke cikin takarda ya bar tabo mai maiƙo, ɓare shi yana tafiya da fatar bangon. Wanda zai liƙe sabuwar yagewa da shi ya sani nan da 'yan shekaru tabon zai fi yagewar muni.

Dannawa ita ce matakin da ya fi jan hankali kuma ya fi ɓarna. Abin da take gyarawa shi ne lanƙwasa, kumburi da ƙashin bayan da ya murɗe saboda jibgewa. Ninkin da ya riga ya fasa launi ya bar farin layi ba ya komawa. Injin da nake amfani da shi irin na masu buga rubutu a riga ne, mai faranti a sama. Dutsen guga ba ya yi, zafinsa ba daidai yake ko'ina ba, kuma jan sa yana kwashe sheƙin bango. Da hunturu takarda ta bushe ƙwarai, sai an ɗan ba ta ɗanshi: babbar roba mai murfi, tataccen ruwa kaɗan a ƙasa, raga a sama yadda kwafin ba zai taɓa ruwa ba, minti 30 zuwa 45. Da damina iskar ɗaki ta wadatar. Sai a sa kwali mai santsi a tsakiyar mujallar daidai fil, takardar silikon a ƙarƙashin kowane bango da samansa, zafi digiri 65 zuwa 70, minti 10 zuwa 15, matsi matsakaici. A kashe injin a bar kwafin a ciki ya huce, a mayar da shi tsakanin katako biyu masu nauyi ya kwana. In aka ciro shi da ɗumi, cikin kwana biyu lanƙwasar za ta dawo.

Kwafi ɗaya ya lalace a wannan mataki, wani Tales of Suspense na 1966. Ya wuce awa guda a robar ɗanshi, fil ɗinsa na ƙasa kuma da ma yana da tsatsa. Takardar da ke kewaye da fil mai tsatsa ta riga ta ruɓe, ɗanshi ya ƙara sassauta ta, matsi ya sa fil ya huda bango ya fita. Daga maki 4.5 ya sauko 3. Tun daga shi, duk mai tsatsa a fil ko tsagewa a ƙashin baya na cire shi daga layin dannawa.

Karatu na bari sai da kowane kwafi ya kwanta, na jera su bisa shekara, ina buɗe su a kan tebur ba tare da shimfiɗe su gaba ɗaya ba. Jerin shekara yana nuna abin da kwafi ɗaya ba zai nuna ba. Superman na 1938, a cikin sake bugun nan, ba ya tashi sama, tsalle yake yi. Abokan faɗansa kuma mutane ne irin na unguwa: mai dukan matarsa, mai sayen 'yan majalisa, sai wata mata da ya ceto daga hukuncin kisa bisa kuskure. 'Ya'yan baƙi masu ƙaura ne biyu daga birnin Cleveland suka ƙirƙiro shi a lokacin matsin tattalin arziki, kuma ana jin haka a kowane shafi. Na DC na farkon shekarun 1960 kuwa sun cika da halittun wasu duniyoyi, birrai masu magana da rikiɗar jiki. Tambarin hukumar tacewa da ke bango shi ne bayanin. A 1954 likitan ƙwaƙwalwa Fredric Wertham ya fitar da littafin da ya ɗora wa komik laifin lalacewar yara, majalisar dattawa ta yi zama a kai, mawallafa suka kafa wa kansu hukumar tacewa. Dokokinta sun ce dole alheri ya rinjayi sharri a kowane labari, ba a raina ɗan sanda ko alƙali, ba a nuna yadda ake aikata laifi dalla-dalla. Marubucin da aka hana shi titi sai ya koma sararin samaniya.

Tales of Suspense ɗin da ya lalace rabi Iron Man ne rabi Captain America, kowanne shafi goma zuwa goma sha biyu. Wannan ma ba zaɓin marubuci ba ne. Daga 1957 zuwa 1968 kamfanin da ke rarraba wa Marvel kaya na masu DC ne, kuma ya ƙayyade mata adadin mujallun da za ta fitar a wata. Sai ta riƙa cusa sadaukai biyu a mujalla ɗaya. Matsin ya koya musu saurin labari. Asalin Spider-Man a Amazing Fantasy na 15, Agusta 1962, shafi 11 ne kacal, kuma a cikinsu Steve Ditko da Stan Lee suka nuna yaron da ake tsangwama, cizon gizo-gizo, neman kuɗi a talabijin, ɓarawon da ya bari ya wuce, da gano cewa wannan ɓarawon ne ya kashe baffansa Ben. A ganina har yau ba a yi labarin asali da ya kai shi tsari ba.

Wanda na fi daɗewa a kansa shi ne Fantastic Four na 52, Yuli 1966, zanen Jack Kirby, tawadar Joe Sinnott, fitowar Black Panther ta farko. Shi ne T'Challa, sarkin ƙasar Wakanda, wanda ya aika wa sadaukan huɗu kyautar jirgi, ya gayyace su ƙasarsa, suka sauka cikin wani daji da itatuwansa da kurangarsa duk na'urori ne, ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya kayar, don ya gwada kansa kafin ya fuskanci Klaw, wanda ya kashe mahaifinsa. A 1966 Kirby ya zana ƙasar Afirka da ta fi baƙinta ilimin ƙere-ƙere, ko da yake tufafin talakawanta da gangunansu ba su tsira daga tunanin Bature na lokacin ba. Sa gilashi a kan fuskar T'Challa, za ka ga fatar ba launi ɗaya ba ce, ɗigo-ɗigo ne na shuɗi da ja da rawaya, kuma ta fito toka-toka. Maɗaba'ar tana da tawada uku ban da baƙi, kowace a mataki huɗu, babu, kwata, rabi, cikakke, jimla launi 64. Ruwan ƙasa mai kyau yana da wuyar samu a ciki. Wannan ƙarancin ne ya sa Hulk, wanda ya fito ruwan toka a Mayu 1962, ya koma kore a fitowa ta biyu, don tokar ta ƙi zama iri ɗaya daga shafi zuwa shafi.

Daga 1970 murya ta sauya. A Green Lantern na 76, na Denny O'Neil da Neal Adams, wani dattijo baƙar fata ya tare sadaukin ya tambaye shi me ya taɓa yi wa baƙaƙe, shi da ke yi wa masu shuɗiyar fata aiki a wasu duniyoyi. Amazing Spider-Man na 96 zuwa 98, a 1971, sun fito babu tambarin hukumar tacewa, saboda labarin ya taɓo shan ƙwaya kuma hukumar ta ƙi sa hannu, Marvel ta buga abinta haka. A shekarar aka sassauta dokokin. Sai na 121, Yuni 1973, inda Green Goblin ya jefo Gwen Stacy, budurwar Spider-Man, daga kan gada, Spider-Man ya cafko ƙafarta da zarensa, aka sa wata 'yar ƙaramar kalmar ƙara daidai wuyanta. Wanda bai lura da kalmar ba bai gane cewa cetonsa ne ya kashe ta ba. A bugun farko rubutun ya kira gadar George Washington alhali zanen gadar Brooklyn ce, wasu sake bugun suka gyara, don haka wannan ma hanya ce ta gane wanda ke hannunka. Zuwa 1976 labarin ya ragu zuwa shafi 17, talla ta cinye saura.

Akwai Powerman guda uku a cikin kwalin, kuma su na fi yi wa tattali. Don kasuwar Nijeriya aka yi shi, daga 1975 zuwa 1977, duk sati biyu, sadauki baƙar fata, zanen Dave Gibbons da Brian Bolland tun kafin su yi suna a Ingila da Amurka. Kowane gidan zane an sa masa lamba don mai karatu ya san inda zai bi. A 1988 kamfanin Eclipse ya sake buga wasu a Amurka da sunan Power Comics, aka sauya wa sadaukin suna zuwa Powerbolt. Na asalin sun yi ƙaranci, domin ba wanda ya ɗauke su abin ajiyewa, ga gara ga ɗanshi.

Ajiya ta fara da auna kowane kwafi. Ledar komik na shekarun 1960 da 1970 faɗinta inci 7 da ɗaya bisa takwas ne, tsawo 10 da rabi, kwalin bayanta inci 7. Ledar komik na yanzu ta fi ƙanƙanta, in aka tura tsohon kwafi ciki gefensa zai murƙushe. Kwalin baya dole ya zama marar asid, mai alli a jikinsa, gefensa mai santsi yana kallon mujallar. Kwalin indomi ko na takalmi asid ne zalla. Leda ta yau da kullum, polypropylene, tana yin rawaya ta tattare, sai an sauya ta bayan shekara biyar ko makamancin haka. Masu daraja na sa su a ledar Mylar, wadda ba ta lalacewa, da falle ɗaya na takardar MicroChamber a bayan kowane bango don ta shanye asid. Bakin leda ninke shi nake yi ciki. In an liƙe da salatif, ranar ciro kwafin sai ya kama bango.

A tsaye suke zama cikin akwati, kamar 150 a gajeren akwati, ba matsi ba sakaka, in da gibi a cike da kwali. Abin da takarda ke so shi ne zafi wajen digiri 18 zuwa 21 da ɗanshi kashi 35 zuwa 50 cikin ɗari. A Kano ko Zinder wannan ba ya samuwa da kansa: bazara tana kai digiri 40, hunturu yana sauke ɗanshi ƙasa da kashi 20, Agusta tana haura 70, kuma daga 65 hunhuna ke farkawa. Hawa da saukar ya fi tsayayyen zafi illa, don takarda tana kumbura tana tsukewa a jikin fil har ta yage. Na zaɓi ɗakin tsakiya marar taga ta yamma, nesa da rufin kwano, na ɗora akwatunan kan kantar ƙarfe taƙi guda daga ƙasa, ba su jingina da bango ba saboda gara. Kowane akwati ya shiga babbar roba mai murfi, da ƙaramin ma'aunin ɗanshi da ƙullin silika mai sauya launi. Silikar tana shiga a Yuni, ana gasa ta a mayar duk lokacin da launinta ya juya, ana cire ta a Oktoba, don in ta kwana ciki da hunturu takardar za ta bushe ta ƙage. Kafur da maganin sauro na fesawa ba sa shiga robar, a ƙafafun kantar ake zuba maganin gara.

A rajista kowane kwafi yana da layinsa: suna, lamba, wata da shekara, irin farashin bango, adadin warƙa, maki biyu, abin da aka yi masa da ranar da ya shiga leda. Wanda aka danna na rubuta an danna, wanda fil ya huda na rubuta yadda aka yi. Ma'aunin ɗanshi ina duba shi duk Juma'a daga Yuli zuwa Satumba, in ya haura 55 silika ta koma tanda.